Dubawa Daban, Warwarewa Daban: Darasi Daga Lissafin Cefane

Duk ɗalibin harshe ya san jimla kan cika ƙa'idar nahawu amma ta rasa ma'ana, kamar a ce "tukunya ta auri kasuwa". Na ci karo da irin wannan a lissafin neman zaɓi mafi dacewa, inda ake ba kwamfuta buri da sharuɗɗa, ita kuma ta nemo amsa.

Na rubuta farashin gari, wake, shinkafa da manja a kasuwar Gwagwalada, na zuba su cikin Excel, na umurci Solver ya fitar mini da cefanen wata mafi araha da zai ba jiki ƙarfin da yake buƙata. Nan take amsa ta fito: gari zalla, safe, rana da dare! Kwamfuta ba ta yi kuskure ba. Ni ne ban sa sharaɗin abinci mai gina jiki ba, ban kuma iyakance yawan garin da ciki zai ɗauka ba.

Ashe George Dantzig, wanda ya ƙirƙiro hanyar warware irin wannan lissafi a 1947, shi ma ya sha wannan kunya. A 1990 ya ba da labarin yadda ya nemi na'ura ta tsara masa abincin rage ƙiba, ta ce ya sha galan 500 na binega, saboda a bayanan da aka ba ta an nuna babu ruwa a cikinsa. Da aka cire binega, daga baya ta ce ya ci dunƙulen miya 200 a rana.

To, a nan aiki ya rabu biyu. Warwarewa ita ce neman amsa, aikin na'ura ne. Dubawa kuwa ita ce karanta tsarin tukuna: me ake nema, wane sharaɗi aka manta, kilo aka rubuta ko mudu? Manhajar AMPL, wadda aka fara a Bell Labs a 1985, ta ware wa kowanne umurninsa: "expand" yana baje sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya a karanta, "solve" yana tura su ga mai warwarewa. A ganina na farkon ya fi wuya, domin na'ura za ta gaya maka in ka ɓata rubutu, amma ba za ta ce ka manta wake ba.

Da na ƙara sharuɗɗan biyu, wake da manja suka shigo, kuɗin cefanen kuma ya hau.