Amsoshin Tambayoyinku: Jam'iyyar AfD ta Jamus

Malama Hadiza daga Maraɗi ta aiko mana da saƙo tana tambaya: wace jam'iyya ce AfD da ake yawan ambata a labaran Jamus, kuma me take nema?

To Malama Hadiza, mun gode. An kafa AfD a 2013. Da farko damuwarta kuɗin Yuro ne, tana adawa da tallafin da Jamus ke bai wa ƙasashen da bashi ya yi wa katutu, irin su Girka.

A 2015 ne ta sauya akala, lokacin da gwamnatin Angela Merkel ta buɗe ƙofa ga ɗimbin 'yan gudun hijira, galibinsu daga Siriya. Nan AfD ta kama batun baƙi, ta riƙe shi gam. A 2017 ta shiga majalisar dokokin tarayya. A zaɓen 2025 kuwa ta zo ta biyu, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar ya zaɓe ta. Ƙarfinta ya fi yawa a gabashin ƙasar.

AfD na son a tsaurara kan iyakoki, a mayar da baƙin da ba a ba su mafaka ba. A kundin manufofinta na 2016 ta ce Musulunci ba na Jamus ba ne, ta nemi a hana gina hasumiyar masallaci da kiran salla a fili. Wannan abin damuwa ne ƙwarai, domin Musulmi miliyoyi ne ke zaune a ƙasar, da yawansu can aka haife su.

Har yanzu dai, Malama Hadiza, manyan jam'iyyun Jamus sun ƙi kafa gwamnati da ita.