Littafi cike da rubutu, sakamako ba daɗin gani

Wata uwa daga Yakasai ta aiko da tambaya. Ɗanta yana aji biyu a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, ba ya fashi, littattafansa cike da rubutu, amma kowane zango a ƙarshen aji yake. Ko dai kansa ne ba ya ja?

Hajiya, kafin ki yanke masa wannan hukunci, gwada shi yau bayan isha'i. Buɗe littafin da ya rubuta da hannunsa, ki ce ya karanta miki layi uku, ya kuma gaya miki ma'anarsu da Hausa. Na sha yin haka a aji. Sai ka ga yaro ya ɗora yatsa a kan kalma, leɓe na motsi, murya ta maƙale. Kwafa ya iya. Karatun ne babu.

Ba a sakandare abin ya faro ba. Dokar ilimi ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma a aikace yaro hayewa yake yi daga aji zuwa aji, ko ya gane ko bai gane ba. Ga shi a cikin birni fili ya ƙare, aji ya cika maƙil, malami ba ya ko iya ratsawa zuwa na baya. Dokar ta-ɓacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a kan ilimi a 2024 tana iya kawo kujeru da malamai, sai dai ɗanki ba zai jira ta ba.

Maganin yana makarantar allon unguwarku: malam ba ya bari a wanke allo sai karatu ya zauna. Ki mayar da yaron daidai inda ya tsaya, ko da baƙi da wasali ne, ba tare da gori ba. Da irin wannan dabara ƙungiyar Pratham ta yi suna a Indiya. A fara da Hausa, harshen da yake ji. A samo masa Magana Jari Ce, ya riƙa karantawa a bayyane minti 20 kullum, yayansa ko kawunsa na saurare. In bakinsa ya sake, sai a shiga Turanci.

Kada ki zuba kuɗi a darasin yamma da zai sake ba shi kwafe. Gara ki je wurin malamin ajinsa da kanki ki roƙa a dawo da shi layin gaba. In kuwa kin ga yana ƙanƙance ido in zai duba allo, a kai shi Asibitin Murtala a auna ganinsa.