Yadda Ake Samun Takardar Shaidar Hali Daga 'Yan Sanda Kafin Tafiya Aiki Ƙasar Waje

Da an kwashe albasa da tafarnuwa a fadamun Rima, kuɗi ya ɗan shigo hannu, hirar matasa a Taloka da Goronyo da Wurno da Rabah takan koma kan tafiya. Wani tuƙi yake nema a Saudiyya, wani gadi ko gini a Qatar, wanda ya karanta aikin jinya a Sakkwato kuma idonsa na kan Ingila. Iyayenmu sun yi cin rani har Ibadan da Kumasi ba wanda ya tambaye su takarda. Yau kuwa kafin a buga maka bizar aiki, ƙasashe da yawa sai sun ga shaidar cewa kotu ba ta taɓa kama ka da laifi ba.

Rundunar 'yan sandan Najeriya ce kaɗai ke bayar da wannan shaida, sunanta a hukumance Police Character Certificate. Tana fitowa ne daga rajistar masu laifi ta ƙasa, wadda ke ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka mai ofis a Alagbon da ke Ikoyi a Legas da kuma Abuja. Wasiƙar hakimi ko ta shugaban ƙaramar hukuma, ko wadda babban ɗan sandan yankinku ya sa wa hannu don mutunci, duk suna da amfaninsu a gida, amma ba ofishin jakadancin da zai karɓe su a madadinta.

Kada ka fara da ita

Nan ne aka fi yin asara. Takardar wata uku take yi ta tsufa. Mutum zai ji labarin aiki, ya ruga ya yi ta, sannan ya zauna jiran fasfo da kwangila har wa'adinta ya wuce, sai ya sake biya. Fara da samun tayin aiki a rubuce, da sunan kamfani da albashi da tsawon kwangila. Sannan ka tambayi mai ɗaukarka abu biyu: ana buƙatar takardar? In ana buƙata, sai an buga mata hatimin ofishin jakadanci ko haka nan za a karɓa?

Kowace ƙasa da nata tsarin. Ingila tana neman ta daga masu zuwa aikin lafiya da koyarwa da kula da jama'a, kuma daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 ko fiye cikin shekara 10 da suka wuce. Kanada tana tambayar ta duk ƙasar da ka yi wata 6 a jere bayan ka cika shekara 18. Qatar tana son mai hatimi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta wajabta ta a Fabrairun 2018, ta dakatar da dokar a Afrilun shekarar. Saboda haka abin da ɗan'uwanka ya tafi da shi shekara biyar da suka wuce ba lallai shi za a nema a wurinka ba.

Mutanen yankinmu da yawa ƙafarsu ɗaya a Nijar take. Wanda aka haifa a Ƙonni ko Madawa ko Tawa, irin wannan shaida a wurinsu kotu ce ke bayarwa, kotun yankin da aka haifi mutum, ita ce suke kira kaziye. Ita ma wata uku take yi. In ka zauna ƙasashen biyu, ka shirya a nemi duka biyun.

Daidaita sunanka

Ɗauko katin NIN da fasfo da bayanan BVN na banki da takardun makaranta, ka shimfiɗa su wuri ɗaya, ka bi harafi bayan harafi. Ba abin mamaki ba ne ka tarar mutum ɗaya Muhammadu ne a firamare, Mamman a banki, Mohammed a NIN. Garba a nan, Abubakar a can. Wani ya sa sunan gari a ƙarshe, Taloka ko Wurno, a wata takardar kuma sunan kakansa ya sa. Ranar haihuwa ita ma haka: malamin da ya cike fom ya rubuta 1 ga Janairu don a wuce wurin, wani malamin ya rubuta wata ranar daban. A gida kowa ya san kai ne. Kwamfutar 'yan sanda da ta ofishin jakadanci kuwa mutum biyu ko uku take gani.

Gyaran NIN a hukumar NIMC ake yinsa, ana biya, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da jan lokaci. Za a nemi takardar rantsuwa daga kotu, a canjin suna akan ƙara da sanarwa a jarida, a ranar haihuwa kuma shaidar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Gama wannan tun kafin fasfo, domin hukumar shige da fice daga NIN take ɗauko bayananka. Daga 1 ga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000. Wannan ba kuɗin da za a kashe sau biyu ba ne saboda harafi ɗaya.

Cike fom a intanet

Neman takardar ta shafin possap.gov.ng ake yinsa. Za ka buɗe asusu da lambar NIN ko BVN, da lambar waya da imel. Ka tabbata layinka ne da imel ɗinka, domin nan za a turo lambar tabbatarwa da duk wani saƙo daga baya. In a shagon kwamfuta za a yi maka, zauna kusa da mai shagon, ka riƙe kalmar sirrinka, kada ka bari ya sa imel ɗinsa don sauri.

Bayan ka shiga, zaɓi takardar shaidar hali, ka nuna cewa ta tafiya ƙasar waje ce. Za a tambayi dalilin nema da ƙasar da za ka, da lambar fasfo, a kuma ce ka ɗora hotonka da hoton shafin fasfo mai ɗauke da bayananka. Akwai tambaya kan ko an taɓa yanke maka hukunci. Za mu dawo kanta. Daga nan shafin zai fitar da takardar biya mai lamba. Adadin da ke jikinta shi ne kuɗin gwamnati, kuma da wannan lambar ake biya, da kati ko a banki. Duk wanda ya ba ka lambar asusunsa ya ce ka tura can, aljihunsa ka cika. Buga rasit ɗin a takarda, ka kuma ajiye hotonsa a waya.

Ɗaukar yatsu

Wannan ba a aike. Cikin jerin wuraren da shafin ya kawo, zaɓi mafi kusa da kai, ka fara duba Sakkwato, ka je da kanka ɗauke da fasfo da rasit da katin NIN. Shiga motar safe ta hanyar Achida, ka yi ƙoƙarin juyowa da rana tsaka. Halin da hanyoyin gabashin jihar ke ciki ba sai an faɗa wa ɗan yankin ba. In layi ya yi tsawo, kwana a birni ya fi tafiyar dare.

Akwai matsalar da 'yan birni ba su cika sani ba. Hannun da ya sha fartanya da ruwan fadama da taki, ko siminti, zanen yatsunsa kan shafe, na'ura ta yi ta ƙin karɓa. In ka san haka naka yake, ɗaga wa hannun aiki mai nauyi na 'yan kwanaki, ka riƙa shafa man kaɗanya da dare. Ranar zuwa kuma wanke hannu tas, kada ka je da maiƙo. Ke kuma 'yar'uwa, bar ƙunshi sai bayan an ɗauka, don baƙin lalle a kan yatsu kan hana na'ura gani.

Da yatsun da sunan ake bincika rajista. In ba a sami komai ba, takarda ta fito. Kafin ka bar wurin ko ka buga ta, duba suna da lambar fasfo da ranar haihuwa da sunan ƙasar da za ka. Daga ranar da ke jikinta wata ukun ya fara ƙirguwa. Wanda ya riga ya fita kuma aka nemi ya kawo, shafin na da ɓangaren mazauna ƙasar waje.

Hatimi

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 wadda ta sa hatimi ɗaya ke isar takarda a ƙasashe da dama. Don haka in an ce sai mai hatimi, zango biyu ne kuma a jere suke: Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar da ita, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka ya buga nasa. Ba a tsallake na farko. Saudiyya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano ban da na Abuja. Wasu ƙasashen sukan ce sai an fassara ta zuwa harshensu. Tambayi ofishinsu mai fassarar da suka yarda da shi kafin ka biya kowa.

In an taɓa kai ka gaban alƙali

Kwana a ofishin 'yan sanda kan rikicin gona ko faɗan kasuwa daban, hukuncin kotu daban. In an taɓa gurfanar da kai aka sallame ka, je kotun, ta majistare ce ko ta shari'a, ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi ka ajiye. In kuwa an same ka da laifi, faɗi gaskiya a fom, ka nemi shawarar lauya. Tsohon ƙaramin laifi ba kullum yake rufe ƙofa ba, ƙarya kuwa tana rufewa: Ingila takan haramta wa wanda ta kama da yaudara shiga har shekara 10, Amurka kuma tana iya hana shi har abada.

Sai maganar da ba a so a ji. Wanda ya je Umara ya zarce, aka kama shi, aka kai shi tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora, aka maido shi gida, yatsunsa na nan a kwamfutar Saudiyya. Takardar 'yan sandan Najeriya za ta fito masa fes, domin ba a nan ya yi laifin ba, amma ba ta goge abin da ke can. Sabon fasfo da sabon suna ma ba sa canja yatsa. Eja da ya ce zai wuce da kai duk da haka, shi yana gida lokacin da za a tsare ka a filin jirgin Jidda.

Eja

Ba kowane eja ne macuci ba, amma doka ta ce mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ce ya nuna maka. In ya ce kawo hoto da kuɗi kawai, gobe takardar 'yan sanda za ta fito ba tare da an ɗauki yatsunka ba, ta jabu zai ba ka, kuma sunanka ne a kai, kai za a tuhuma. Haka wanda ya ce a tafi da bizar ziyara ko ta Umara, iƙama, wato takardar izinin zama, sai an isa, ko ya riƙe fasfonka har sai ka biya bashi. Iyaye su fi sa ido in 'ya mace ce aka ce za a kai aikatau.

Hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, tana da ofishin shiyya a Sakkwato, kuma kai ƙara wurinta kyauta ne. Kafin ka sayar da buhun albasa ko ka jinginar da gonar fadama, ɗauki sunan kamfanin da kwafin kwangilar ka kai musu su duba.