SABUNTA LASISIN LIKITAN DABBOBI: ME YA SA SAI AN ƘARO ILIMI?

1.0 Gabatarwa

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na je gida, na tarar da yayata, wadda likitar dabbobi ce, ta baje takardu a kan tabarma tana jera su ɗaya bayan ɗaya. Da na duba sai na ga takardun shaidar halartar tarurrukan ƙara wa juna sani ne. Na ce mata, "Yaya, shekara shida kika yi a jami'a, kika yi hidimar ƙasa, har yanzu ba ki gama da aji ba?" Ta yi dariya ta ce, "Ƙanena, ranar da na gama da aji, ranar ya kamata a karɓe allura daga hannuna."

Wannan amsa ce ta sa na rubuta wannan maƙala. A cikinta zan yi ƙoƙarin bayyana sharaɗin ƙaro ilimi da ake gindaya wa likitan dabbobi kafin a sabunta masa lasisi, da yadda sharaɗin yake a wasu ƙasashe, da kuma dalilin kafa shi. Daga ƙarshe zan kawo ɗan nazari a kan kalmomin da muke amfani da su a wannan fanni, tunda mu ɗaliban harshe ne.

2.0 Digiri, Rajista da Lasisi

Da yawa daga cikinmu mukan ɗauki waɗannan abubuwa uku a matsayin abu ɗaya, alhali kowanne da nasa matsayi. Digiri jami'a ce ke bayar da shi, kuma sau ɗaya ake samunsa, ba ya tsufa a kan takarda. Rajista ita ce shigar da sunan mutum cikin kundin waɗanda doka ta amince su kira kansu likitocin dabbobi. Lasisi kuwa izini ne na yin aiki na wani ƙayyadajjen lokaci, idan wa'adin ya cika sai a sabunta shi.

A Nijeriya, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa, wadda aka fi sani da VCN, ita ke da alhakin rajista da bayar da lasisi, bisa ikon da Doka mai lamba 37 ta shekarar 1969 ta ba ta. Lasisin aiki na shekara-shekara ne. Majalisar tana kuma buƙatar likita ya riƙa halartar shirye-shiryen ƙaro ilimi da ta amince da su. Takardun da na ga yayata tana jerawa su ne hujjarta a kan haka.

A taƙaice, digiri yana shaida abin da mutum ya sani ranar da ya bar makaranta. Lasisin da aka sabunta yana shaida cewa bai tsaya a nan ba.

3.0 Yadda Sharaɗin Yake a Wasu Ƙasashe

Domin a fahimci yadda ake auna wannan ilimi, yana da kyau mu leƙa ƙasashe biyu da ke ƙirga shi da awoyi, wato Birtaniya da Amurka.

A Birtaniya, hukumar da ke kula da wannan sana'a ita ce RCVS, wadda aka kafa tun shekarar 1844. Ta wajabta wa kowane likitan dabbobi da ke aiki ya yi awa 35 na ƙaro ilimi a shekara, ma'aikatan jinyar dabbobi kuma awa 15. Kafin shekarar 2020 ana yin lissafin ne a dunƙule, awa 105 cikin shekara uku, wanda hakan kan ba mutum damar yin sakaci shekara biyu, ya zo ya yi gaggawa a ta uku. Daga 2020 aka mayar da lissafin shekara-shekara. Daga 2022 kuma ya zama dole likita ya rubuta abin da ya koya a wata manhaja ta hukumar mai suna 1CPD, ya kuma bayyana yadda abin ya shafi aikinsa. Ba zaman aji kaɗai ake ƙirgawa ba. Karanta mujallun bincike, da sauraron lacca ta intanet, da tattauna matsalar wata dabba tare da abokan aiki, duk suna shiga lissafi.

A Amurka kuwa kowace jiha da tata hukumar, da nata adadin. Ga misalai huɗu:

(a) Kalifoniya: awa 36 cikin shekara biyu.
(b) Filorida: awa 30 cikin shekara biyu.
(c) Niyok: awa 45 cikin shekara uku.
(d) Teksas: awa 17 a kowace shekara.

Idan muka raba waɗannan awoyi a kan shekara guda, za mu ga Kalifoniya na da 18, Teksas 17, Filorida da Niyok 15 kowaccensu. Ke nan abin da ake nema a Birtaniya ya kusa ninka na waɗannan jihohi, ko ma ya zarce ninki. Wani abin lura shi ne, wasu jihohi ba adadin awoyi kawai suke faɗa ba, har darasin da za a yi sukan zaɓa. Misali, tun daga 2018 Kalifoniya ta wajabta wa likita ya yi aƙalla awa ɗaya cikin kowace shekara huɗu a kan yin taka-tsantsan wajen amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

4.0 Me Ya Sa Ilimin Likita Yake Tsufa?

Mai karatu zai iya tambaya, shin saniya ta canza ne tun da aka halicce ta? Saniya ba ta canza ba, amma abubuwa uku da ke kewaye da ita suna canzawa.

Na farko, cututtuka. Wata takan gushe, wata ta ɓullo. Bushiya, wadda ta yi wa makiyayan Nijeriya mummunar ɓarna a farkon shekarun 1980, an sanar da kawar da ita daga doron ƙasa a shekarar 2011. Ita ce cuta ta biyu da aka taɓa kawarwa bayan agana. A ɗaya ɓangaren, a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, kuma wannan ne karon farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Likitan da ya gama makaranta a 1990 ya sha karatu a kan bushiya, amma abin da ya zo ya same shi a gonar kaji wani abu ne daban. Akwai kuma cutar da takan yi shiru har a manta da ita, kamar ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Jihar Neja a watan Yulin 2023. Ƙa'idar wannan ciwo ita ce kada a farke mushen dabbar da ake zargi, domin ƙwayar cutar takan zauna cikin ƙasa shekaru da dama, kuma tana kama mutum. Wanda ya daɗe bai ji an tuna masa da wannan ba, zai iya sa wuƙa.

Na biyu, magunguna. Maganin da ake yabo jiya yana iya zama abin hani gobe. Misali mafi shahara ya faru ne a Indiya da maƙwabtanta, inda aka daɗe ana yi wa shanu allurar wani maganin rage zafin ciwo mai suna dikilofenak. Sai aka ga ungulaye suna mutuwa birjik. A 2004 bincike ya nuna cewa mushen shanun da aka yi wa allurar ne ke lalata ƙodar ungulun da ta ci shi. A 2006 Indiya da Pakistan da Nefal suka hana amfani da maganin ga dabbobi. Babu wanda ya koyi wannan a aji kafin lokacin, domin babu wanda ya san shi.

Na uku, su kansu ƙwayoyin cuta sukan bijire wa magani idan ana ba da shi barkatai ko ƙasa da ƙima. Wannan na ƙarshe da idona na gan shi.

5.0 Abin da Na Gani a Kara

Ni ba da Hausa na tashi ba. A unguwar Sabo ta garinmu na fara tsintarta a bakin abokan wasa, kafin na zo jami'a na karance ta. Yayata kuwa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba. Saboda haka duk lokacin da nake gida, idan an kira ta kara, wato kasuwar shanu da ke bayan gari, ni nake yi mata tafinta.

Wata rana wani dattijo ya kai mu wurin shanunsa biyar da suka rame, gashinsu ya tashi, idanunsu na zubar da hawaye. Bayan mun gaisa ya ce, "Likita, sammore ne, na san shi. Sau uku ana yi musu allura, amma kamar ruwa ake zuba musu." Da muka bincika sai muka gano cewa wani mai tallar magani ne yake yi musu allurar, kuma ƙullin da bai wuce na saniya ɗaya ba shi yake raba wa uku, yana ƙiyasta nauyinsu da ido.

Yayata ba ta ɗauko allura nan take ba. Ta auna ƙirjin kowace saniya da igiyar awo domin ta san nauyinta, ta ɗebi jini ta aika ɗakin gwaji. Ta ce in gaya masa, magungunan sammore da ake da su ƙalilan ne, tun shekarun 1950 da 1960 ake amfani da su, kuma a wurare da dama ƙwayar cutar ta daina jin wasunsu. A nan Hausata ta tsaya. Na ce, "Baba, cutar ta saba da maganin." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kana nufin ta gagari magani ke nan." Na ce haka ne, na kuma rubuta kalmar a littafina.

Da sakamakon gwaji ya fito, ta sauya musu magani a kan ƙima. Ta kuma gargaɗe shi da kada ya sayar da nononsu, kada kuma a yanka ko ɗaya, sai kwanakin jira da aka rubuta a jikin maganin sun cika, domin ragowar magani na wucewa cikin nama da nono zuwa cikin mutum. Huɗu sun tashi. Ɗaya, wadda ta fi ramewa, ta mutu. A hanyarmu ta komawa gida yayata ta gaya mini cewa a wani taron ƙaro ilimi ne aka ja hankalinsu a kan wannan matsala. Ta ce da a shekarun farko na aikinta ne, da ita ma allurar nan za ta maimaita.

6.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Duk da haka, ba zan ce tsarin ba shi da naƙasu ba. Na farko, awa ba ilimi ba ce. Mutum zai iya zama bayan zaure yana latsa waya, a tashi ya karɓi takarda daidai da wanda ya saurara. Wannan ne ya sa Birtaniya ta ƙara sharaɗin bayyana abin da aka koya. Na biyu, akwai tsada. Likitan da ke aiki a ƙauye zai biya kuɗin mota da masauki da na rajistar taro, ya kuma rufe wurin aikinsa kwana biyu ko uku. Lacca ta intanet tana rage wannan wahala, amma sai inda akwai wuta da sabis. Na uku, sharaɗin mai lasisi kaɗai yake kamawa. Mai tallar maganin da ya raba ƙulli ɗaya gida uku ba shi da lasisin da za a hana shi sabuntawa. A ganina, a nan ne mai dabba yake da rawar takawa: kafin ya miƙa dukiyarsa, ya tambayi mai allura ko yana da rajista, ko kuma lasisinsa na bana ne.

7.0 Ɗan Nazarin Kalmomi

Kalmar "sabunta" ta fito ne daga sifar nan "sabo", aka ƙara mata ɗafa-ƙeyar "-nta" ta zama aikatau, kamar yadda ake samun "baƙunta" daga "baƙo". Ita kuwa "ƙaro" ta fito ne daga "ƙara". Wasalin "-o" na ƙarshe shi ke sanya ta a giredi na shida cikin rabe-raben aikatau na Parsons, kuma yana nuna an yi aiki a can an taho da sakamakonsa nan, kamar "sayo" da "ɗebo". Ashe idan Bahaushe ya ce wane ya tafi ƙaro ilimi, harshen da kansa yana sa ran zai dawo da shi gida.

Haka kuma mai fassara a wannan fanni sai ya san sunayen da makiyaya ke kiran cututtuka, irin su bushiya, sammore, ciwon huhu, harbin daji, bakkale da kirci. Wanda ya ƙirƙiro sabon suna alhali akwai na gargajiya, shi kaɗai zai gane fassararsa.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga bambancin digiri da rajista da lasisi, mun ga adadin awoyin da ake nema a Birtaniya da wasu jihohin Amurka, mun kuma ga cewa cututtuka da magunguna ba sa jiran wanda ya rufe littafi. Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi. A wannan sana'a kuwa, doka ma ba ta yarda gemu ya hana shi ba, domin abin da ke hannun likitan dabbobi dukiyar wani ce, kuma naman da nonon da ƙwan a kwanonmu suke ƙarewa. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai da ke sha'awar aikin fassara za su waiwayi wannan fanni, domin abin da likita ya ƙaro ba zai amfani makiyayi ba sai an faɗa masa da harshen da yake ji.