Matar Yayana Ta Naɗe Ƙosai da Littattafaina

Hajiya,

Ni ɗaliba ce a Kore Mairuwa, ina aji huɗu na kwaleji, bana zan rubuta jarrabawar BEPC in Allah ya yarda. Ina da ɗan tebur a ɗakin Innarmu, Baba ne ya sa kafinta ya yi mini shi lokacin da na shiga kwaleji. Duk littattafan rubutuna tun daga aji ɗaya suna kansa, ban taɓa yar da ko guda ba.

Matar yayana tana suyar ƙosai a bakin babban titin da ya taso daga Doso zuwa Dogondutsi. Ran nan ina dawowa daga makaranta na ga wani yaro riƙe da ƙosai a takarda, ina dubawa sai ga rubutun hannuna. Da na yi mata magana ta ce wai ai tarkace ne, ta ɗauka na gama da su. Tarkace, Hajiya! Abin da na yi shekaru ina rubutawa. Dama ta saba aza kwanuka a kan teburin, ban ce komai ba. Inna ta ce in yi haƙuri. Kullum ni ce mai haƙuri. Har yau ba ta ce mini "yi haƙuri" ba, kuma in na tuna kalmar nan tarkace ko abinci ba na iya ci.

Shin in kai ƙara wurin Baba, ko in daina yi mata magana, ko in koma wurin gwaggona a Dogondutsi?

Wata ɗaliba, Kore Mairuwa

Ɗiyata,

Matar yayanki ta yi kuskure. Ba a ɗaukar kayan mutum sai an tambaye shi, ko da tsumma ne. Wannan na ba ki gaskiya.

To amma kin cika mini takarda da kalma ɗaya, ba ki gaya mini littafi nawa ta ɗauka ba, na wane aji, na wane darasi. Ina zaton ke ma ba ki sani ba, kuma nan ne zan yi miki faɗa. Ɗalibar da jarrabawa ke gabanta, in aka taɓa mata littafi, ya kamata ta iya cewa nan take na lissafin aji uku ne ya ɓata. In ba ta iya ba, to ajiya take yi, ba karatu ba. Na daɗe ina faɗa a wannan fili cewa tulin takarda yana ruɗin ɗalibi: ya dube shi ya ji kamar ilimin yana cikin kansa, alhali ya yi shekara bai buɗe ba.

Ranar Lahadi ki shimfiɗa tabarma, ki sauke komai daga kan teburin. Abin da zai koma kai shi ne na bana kaɗai: Faransanci, lissafi, kimiyya, tarihi da labarin ƙasa, Ingilishi, kowanne da sunansa a bango da manyan baƙaƙe. Daga na baya ki zaɓi na lissafi da kimiyya na aji uku da na nahawun Faransanci, domin darussan bana a kansu aka gina su, kuma za ki koma musu. Su ne za ki sa a akwatin ƙarfe, ki ɗora akwatin a kan bulo, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango. Gara ba ta jiran izinin kowa a ɗakin ƙasa, kuma jarrabawarki tana zuwa ne daidai faɗuwar damina. Takardar haihuwarki da takardun sakamako kuwa ki naɗe su a leda ki ba Baba ya ajiye, ba kayan kan tebur ba ne.

Sauran ki bi su shafi-shafi. Za ki tarar da fararen takardu da yawa a ƙarshen kowane littafi. Ki cire su ki ɗinke da zare da allura, kin samu na gwajin lissafi ba ki kashe ko dala ba. Duk shafin da ke da aya ko sunan Allah ki ware shi ki ƙona a wuri mai tsabta. Abin da ya rage ki ba ƙannenki in zai amfane su. Ba na son a naɗe abinci mai zafi da mai a takardar da ke da tawada, wannan ki gaya wa matar yayanki cikin ladabi, don lafiyar masu saye.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba. A duk wasiƙarki babu inda kika ce kina zama a teburin nan. Kwano ba ya samun wurin zama a teburin da ake aiki a kansa kowane dare. Yaushe kike karatu? Bayan ɗiban ruwa, da daka, da wanke-wanke, me ya rage miki? Ƴaƴa mata da yawa a garuruwanmu a nan suke faɗuwa, tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa, kuma ba don ƙwaƙwalwarsu ta gaza ba.

Don haka ki je wurin Baba, amma ba da ƙarar kowa ba. Mutumin da ya biya kafinta ya yi miki tebur yana son ki yi karatu. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki roƙi abu biyu: fitila mai cajin rana in babu, da kuma ya faɗa a gaban mutanen gida cewa daga sallar isha'i zuwa ƙarfe 10 ba mai aiken ki har ki gama jarrabawa. In maganar ta fito daga bakinsa, ba sai kin sake yin gardama da kowa a kan kwanuka ba.

Matar yayanki kuma ki gaishe ta gobe da safe kamar yadda kika saba. Ki sake rubuto mini bayan kin yi gyaran, ki gaya mini littattafan da suka ɓata, in nuna miki yadda za ki kwafe su daga wurin ƙawayenki kafin watan Yuni.

Hajiya