Darajar Soɓorodo da Citta: Abin da Masu Saye Ke Biyan Kuɗi Dominsa

Kowace shekara ana fitar da busasshen soɓorodo daga jihohin Jigawa da Kano da Katsina zuwa Meziko da ƙasashen Turai, yayin da citta mai yatsu daga Kachia da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna ke tafiya Indiya da Turai da ƙasashen Larabawa. Wani kaso na wannan kaya yana ƙarewa ne a masana'antun da ke tatso sinadaran da ke cikinsa, domin haɗa kayan sha da na ƙarin lafiya. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwa ya san waɗannan sinadarai, da abin da ke lalata su, da kuma iyakar abin da zai iya faɗa a kansu.

Iskar oksijin da ɗan Adam ke shaƙa ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce kuma ke sa man gyaɗa ya canja wari in ya daɗe. A cikin jiki ma, yayin da ake sarrafa abinci, akan samu wasu ƙananan sinadarai marasa natsuwa da ke illata ƙwayoyin jiki idan sun yi yawa. Sinadaran da ke kashe kaifinsu su ne masana ke kira antioksidan. Kumburi kuwa hanya ce ta jiki ta yaƙar cuta da warkar da rauni, amma idan ya daɗe bai lafa ba sai ya zama matsala, kamar yadda ake gani a ciwon gaɓɓai.

Jan launin soɓorodo yana fitowa ne daga sinadarin antosayanin, wanda shi ne babban antioksidan ɗin da ke cikinsa. Yajin citta kuma daga jinjarol yake, wanda wani ɓangarensa ke rikiɗewa ya koma shogawol idan aka busar da ita, shi ya sa busasshiya ta fi ɗanya zafi. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa sinadaran citta suna rage aikin wasu sinadaran jiki da ke haddasa kumburi da zogi, ta hanya mai kama da wadda asfirin ke bi.

Darasi na farko ga ɗan kasuwa shi ne cewa waɗannan sinadarai ba su da juriya. Zafi mai tsanani da hasken rana da danshi suna karya antosayanin, don haka soɓorodon da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ya riga ya yi asarar abin da ake nema a cikinsa. Cittar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba takan yi fumfuna, wadda ke iya haifar da gubar afalatoksin, kuma ƙasashen Turai suna mayar da kayan da gubar ta wuce ƙa'ida a cikinsu. Masu saye galibi suna neman danshin da bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba. Shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, da ɗora buhuna a kan katako cikin sito mai iska, su ne ke raba kayan da za a karɓa da wanda za a yi wa ragi. Masana'antu ba sa dogara ga ido kaɗai: akwai gwajin da ake ɗiga ruwan da aka tatso cikin wani sinadari mai launin shunayya, gwargwadon yadda ya koma rawaya gwargwadon ƙarfin kayan.

Darasi na biyu shi ne cewa abin da ya faru a kwalbar gwaji ba lalle ne ya faru a jikin mutum ba. A shekarar 1994 aka bayyana sakamakon wani bincike a ƙasar Finlan kan maza masu shan taba kimanin 29,000, inda aka ga cewa waɗanda aka ba ƙwayar bita-karotin, wadda ita ma antioksidan ce, sun fi kamuwa da sankarar huhu. A 2012 ma'aikatar gona ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan a cikin abinci, saboda kamfanoni suna talla da shi ta hanyar da ba ta dace ba.

Duk da haka akwai hujjoji masu ƙarfafa gwiwa. Wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka, da aka buga a 2010, ya gwada mutane 65, ya kuma gano cewa shan kofi 3 na shayin soɓorodo kullum har mako 6 ya rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 7. Gwajin citta kan masu ciwon gaɓɓai ya nuna sauƙi, amma kaɗan. Ko ɗaya daga cikinsu bai maye gurbin maganin likita ba.

Wannan bambanci yana da nasaba da doka. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke rajistar magungunan gargajiya da aka ƙunshe don sayarwa, kuma sai da amincewarta ake tallata su. Wanda ya rubuta a jikin kwalba cewa kayansa na warkar da hawan jini ko ciwon suga yana jefa jarinsa cikin haɗarin kwacewa. Abin da zai iya tsayawa a kai a gaban mai saye shi ne takardar gwaji mai nuna danshi da tsabta da yawan sinadari, kuma da ita ce ake cinikin farashi.