Jirgin yaƙi mai faɗin fiffike

A zamanin da, cikin mayaƙan Sarkin Damagaram akwai ƴan lifidi. Ana lulluɓe barde da dokinsa da tufa mai kauri, cike da auduga. Kibiya ba ta huda shi da sauƙi. Amma lifidi yana da nauyi, doki yakan gaji da wuri. Masu ƙera jiragen sama na yaƙi su ma da irin wannan lissafi suke fama.

A Amurka akwai wani jirgin yaƙi, sunansa F-16. Ya fara tashi a 1974. Ƙarami ne, ba shi da nauyi, injinsa ɗaya, yana juyi a sama kamar tsattsewa. Sai dai ba ya kai kaya mai yawa wuri mai nisa.

Sai injiniyoyin kamfanin General Dynamics suka ɗauki F-16 guda biyu don gwaji. Suka cire musu fukafukai, suka sa waɗansu masu siffar kan kibiya, faɗinsu ya fi ninkin na da. Suka ƙara wa jikin jirgin tsawo wajen metir 1,4. Suka kira shi F-16XL. Na farkon ya tashi a 1982.

Mi ya sa aka faɗaɗa fiffiken? Don cikinsa ake zuba mai, ƙarƙashinsa kuma ake rataya makamai. Man da jirgin yake ɗauka ya ƙaru da wajen kashi 80 cikin 100. Wuraren rataya makamai sun kai 27. Yana ɗaukar ninkin kayan F-16, kuma ya fi shi zuwa nesa.

To, ba a samu wannan a banza ba. Jirgin ya ƙara nauyi, ga shi injin na farkon irin na da ne. In matuƙi ya daɗe yana juyi, babban fiffiken yakan tare iska, gudun jirgi ya ragu. Ku gwada da kanku: ranar da iskar hunturu ta taso a Gidimuni, ku riƙe faifai a gabanku, ku yi gudu. A fagen yaƙi, jirgin da gudunsa ya ragu shi abokin gaba yake fara harbi.

A 1984 sojojin saman Amurka suka zaɓi wani jirgi, F-15E. Shi injinsa biyu: in ɗaya ya mutu, ɗayan ya maido matuƙi gida. Kuma gyaran da yake bukata bai kai na F-16XL yawa ba. Ba a sake ƙera F-16XL ko ɗaya ba. Biyun nan aka ba hukumar NASA, ta yi shekaru tana nazarin tafiyar iska a bisa fukafukansu. A 2009 aka ajiye su ɗungum.

Tambayoyi

1. Mi F-16XL ya samu da babban fiffike, mi ya rasa?
2. Ina kamarsa da dokin lifidi?

Aiki

Ku naɗa jiragen takarda biyu, ɗaya mai faɗin fiffike, ɗaya siriri. Ku jefa su a filin makaranta, ku auna nisan kowanne da taki.